Tsoho da Hanyar Bakin Kogi

A ƙasar Hausa, in mutum ya fito daga gida ya kama hanya, tambayar da ke bin bayan gaisuwa ita ce, "Ina zuwa?" Lalle kuwa yana da amsa. Gona za shi, ko kasuwa, ko dubiyar mara lafiya, ko biyan bashi. Wanda ya ce ba ko'ina za shi ba, tafiya kawai yake yi, za a dube shi sau biyu, in ya ba da baya kuma a ce wane ya fara yawon banza. Akwai wani tsoho a Maraɗi wanda ya riƙe wannan ra'ayi har ya kai shekara 69 da haihuwa. Abin da ya sa ya sake shi kuwa wata hanya ce a bakin wani kogi can ƙasar Amurka, hanya mai sauƙi wadda ko yaro mai koyon tafiya yana iya binta.

Ƙafar tsohon nan ita ta ci da shi. Tun yana saurayi ɗan koli ne, yana ɗauke da allura da zare da madubi da duwatsun wuya a cikin akwatin katako bisa kansa, yana bin kasuwannin kewaye, Tsibiri da Jiratawa da Madarunfa. Ya fita da asuba, ya komo da almuru. Daga baya ya kafa tebur a kasuwar Maraɗi, amma har ya tsufa ba ya hawan kabu-kabu muddin ƙafa za ta iya kai shi inda za shi.

A damunar 2018 matarsa ta rasu, bayan ta yi wata huɗu a kwance. Shekara 44 suka yi tare. Ba a yi wata uku ba, hawan jinin da ya daɗe yana rainawa ya kayar da shi wata safiya a ƙofar ɗaki, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi. Baki ya komo daidai, hannu ya saki, sai ƙafar hagu ta rage yana janta. Likita ya ce maganinta tafiya, kowace rana, ko da kaɗan ce. Tsoho ya ce ya ji. Ya koma gida ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a gindin dogon yaro, daga nan bai ƙara taka ko ƙofar gida ba.

Babbar ɗiyarsa tana aure a Amurka, tana aikin jinya a wani gari da ake kira Boisi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, saboda haka ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce "Uwata". Da ta ji halin da yake ciki, ta yi ta fama da takardu har ta samo masa izinin zuwa. A watan Afrilu na 2019 ƙanenta ya raka shi Yamai ya sa shi a jirgi. A kowane filin jirgi da aka sauka, a keken guragu aka tura shi, shi da yakan wuce jakuna a hanyar Madarunfa. Wannan ya ci masa rai fiye da ciwon kansa.

Da ya isa, sai ya musanya tabarma da kujera. Ya zauna a bakin taga mako uku, yana duban titin da ba kowa a kai. Wata rana ɗiyar ta komo daga aiki, ta durƙusa kusa da shi.

"Baba, ƙafar nan in ba a taka ta ba, za ta mutu a jikinka. Abin da likitoci ke so shi ne rabin awa a rana, kwana biyar a mako. Ban ce ka fara da haka ba. Ka fara da minti biyar."

"In tafi ina, Uwata?"

"Ba sai ka je wani wuri ba. Ka taka kawai."

"Ni ban taɓa fita ba dalili ba. Ba kuwa da furfura zan fara ba."

Abin da babba ta kasa, yarinya ce ta yi shi. Tsohon yana da jika a gidan, ƴar shekara tara, haifaffiyar can, Hausarta tana ɗingishi kamar ƙafar kakanta. Wata Asabar a farkon watan Mayu ta zo ta kama hannun rigarsa ta ce, "Angona, dinyoyi sun ƙyanƙyashe a bakin kogi, an ce ba zan je ni kaɗai ba. Wane irin ango ne ba ya raka amaryarsa?" Tsoho ya san wadda ta kitsa maganar. Amma rakiya dalili ce, in an tambaye shi ina zuwa yana da abin faɗa. Sai ya ce a miƙo masa sandarsa.

Ya kamata mai karatu ya san irin garin. Boisi shi ne babban birnin jihar Aidaho, a arewa maso yammacin Amurka. Wanda ya zaci ko'ina a ƙasar nan ruwa ne da ciyayi zai yi mamaki, gama ƙasar da ke kewaye da garin busasshiya ce, tuddai ne masu gajerun tsirrai. Ruwan da ke sauka a shekara wajen milimita 300 ne, bai kai na Maraɗi ba ma. Abin da ke rayar da garin shi ne dusar ƙanƙara da ke taruwa bisa duwatsu lokacin sanyi, ta narke da bazara, ta gangaro kogi. An tare ruwan da madatsu uku a sama da garin, ta kusa da shi an gama ta a 1955, ana kuwa sakinsa da ma'auni. Shi ya sa kogin ba ya ƙafewa da rani kamar Gulbin Maraɗi. An ce waɗansu maharba masu jin Faransanci ne, bayan sun ratso busasshiyar ƙasa, suka hango itatuwan bakin kogin, suka yi ta kiran "itatuwa" da harshensu, daga nan sunan ya fito. Tsoho yana jin Faransancin kasuwa, da aka faɗa masa haka ya ce, "Ashe garin Itace aka kawo ni."

Hanyar da za su bi, mutanen garin suna kiranta Greenbelt, wato koriyar ɗamara. Tsawonta wajen kilomita 40 ne, tana bin bakin kogin, a wurare da yawa ta gaɓa biyu, tana ɗinke lambunan shan iska na gari ɗaya bayan ɗaya. Shimfiɗaɗɗiya ce da kwalta ko siminti, ba hawa ba gangara sai ɗan abin da ba a rasa ba. Mota ba ta hawanta. Inda ta gamu da manyan tituna, sau da yawa takan bi ta ƙarƙashin gada, mai tafiya ya wuce motoci suna gudu bisa kansa. Akwai bencina a inuwa, akwai famfon shan ruwa a cikin lambunan, ba a kuwa biyan ko dala kafin a shiga.

Ɗiyar ta ajiye mota a lambun da ake kira Julia Davis, a tsakiyar gari. Tsoho ya fito ya dubi hanyar, ya taɓe baki ya ce hanyar yara ce. Jikar ta nuna masa wani farin ɗigo da aka zana da fenti a kan kwalta, da harufa da lamba a ciki. Irinsa yana nan a kowace mita 160. An yi su ne domin in wani ya faɗi ko ya ji ciwo, wanda ya kira masu agaji ya faɗi lambar ɗigon da ke kusa, su san inda za su nufa. Yarinyar ta ce su tafi daga wannan ɗigo zuwa na gaba. Suka kama. Ƙafar hagu tana share ƙasa, sanda tana rawa, kafin su kai rabi gumi ya jiƙa masa riga. Da ƙyar ya taka ɗigo na biyu, ya zube a benci. Dinyoyi suna kiwo a ciyawa da ƴaƴansu rawaya-rawaya a baya, yarinya tana tsalle tana nuna masa, shi kuwa ƙafarsa yake kallo. Mutumin da ya yi Madarunfa ya komo a yini ɗaya, ga shi hanyar yara ta kayar da shi a mita 160. Bai ce kome ba har suka koma gida. Amma washegari shi ya tambaya ko amarya ba za ta je ganin dinyoyinta ba.

Daga nan lissafi ya kama. Ɗan koli ba ya manta ƙirga. Mako na biyu ɗigo biyu, ƙarshen Mayu huɗu, a watan Yuni ya kai bakwai, zuwa da komowa. Akwai ranakun da ƙafar ta ƙi, ya koma baya, ya yi fushi ya ce ya bari, kwana biyu kuma ya nemi sanda. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Da numfashi ya fara isarsa, ido ya sami damar dubawa. Ya ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya a ruwa marar zurfi, daidai da na fadamar gida. Ya ga masu kamun kifi sun shiga ruwa har gwiwa. Ya ga ɗaliban jami'a suna ƙetare gadar ƙafa zuwa makarantarsu a wancan hayi. Ya koyi cewa mai tafiya yakan riƙe hannun dama, mai keke kuwa in ya taho daga baya yakan kaɗa ƙararrawa ko ya ce ga shi nan ta hagu. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne yawan irinsa a hanyar: tsofaffi masu dogara ƙarfe, masu keken guragu suna tura kansu, wata tsohuwa da ke jan ƙafar dama kamar yadda yake jan ta hagu. Ba su da harshe ɗaya da ita, gaisuwarsu ɗaga sanda ce, amma ranar da bai gan ta ba yakan tambayi ɗiyarsa ko lafiya.

A watan Yuni manyan itatuwan bakin ruwa suka fara zubar da wani farin abu kamar audugar rimi, iska tana yawo da shi, ya taru a gefen hanya. A Yuli zafi ya sauka, sai ga kogi ya cika da mutane, manya da yara, kwance a robar taya da kwalekwalen roba, ruwa yana tafiya da su. Daga wani lambu da ke sama da gari suke shiga, su yi wajen kilomita 10 a haka, su fita a lambun Ann Morrison. Tsoho ya tsaya yana kallon magidanta masu gemu suna shawagi kamar ƙwarya, ya girgiza kai ya ce lalle mutanen nan Allah ya hutasshe su, kome nasu a sauƙaƙe ya zo musu.

Surukinsa yana tare da su ran nan. Mutum ne mai kunya, ba ya yawan magana a gaban tsohon, amma ya ce, "Baba, ku gafarce ni, ba haka wurin nan yake ba a da." Sa'an nan ya ba shi labarin. Shekaru da yawa kogin nan juji ne. Mutanen gari sun juya masa baya, a bakinsa ake zubar da shara da tarkacen ƙarfe, mayanka da masana'antu suna tsiyaye ƙazantarsu a ciki. A shekarun 1960 aka kawo shawara gari ya mallaki ƙasar bakin kogi, ya bar ta a buɗe domin kowa. Aka fara da ƴan filaye ƙanana da aka bayar kyauta. A 1969 aka kafa kwamitin aikin, a 1971 kuma aka yi doka cewa duk mai gini ya ja baya wajen mita 21 daga bakin ruwa. Sauran ƙasar yanki-yanki aka tara ta, wani a saya, wani a yi musanya, wani mai shi ya bayar. A shekarar nan da tsoho ya je, 2019, garin yana bikin cikar aikin shekara 50.

Tsoho ya yi shiru yana juya maganar. Ya tuna abin da mahaifinsa ya sha faɗa masa, yadda ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, aka tashi aka koma tudu. Ya tuna gaɓar gulbi inda yake bi yana yaro, da yadda shinge da juji suke cin ta kaɗan-kaɗan. Ya gane cewa sauƙin da ya raina, waɗansu ne suka yi shekara 50 suna wahala a kansa, da yawansu kuwa sun mutu ba su taka shi ba. Wanda ya daidaita hanyar nan har ba ta da tudu bai san wani ɗan koli zai zo daga Maraɗi da shanyayyiyar ƙafa ba, amma dominsa ya yi. Da akwai matakala uku a tsakanin ɗigo na fari da na biyu, da tsoho yana nan a bakin taga.

Wata rana a watan Agusta suka bar bakin ruwa suka shiga cikin lambun neman inuwa. Sai suka iske wani mutum-mutumi na tagulla, mace tana miƙa wa wata yarinya ɗan itace. Tsoho ya tambaya ko matar wani sarki ce. Ɗiyarsa ta ce a'a, ita ce Julia Davis mai sunan lambun, matar wani manomi ce. Mijinta, Tom Davis, yana cikin waɗanda suka fara zama a garin, yana da gonar tuffa a daidai wurin nan. A zamanin, matafiya masu amalanken shanu suna ratsa ƙasar za su yamma neman wurin zama, su iso bakin kogin a galabaice bayan watanni a hanya. Matar nan takan fita ta tarye su, ta ba su abinci, ta yi jinyar marasa lafiyarsu. A 1907 ta rasu tana da shekara 60, bayan ta taimaki wani matafiyi wanda ake zaton zazzaɓin taifot ne ke damunsa. A shekarar nan mijin ya ba gari hekta 17 na ƙasarsa domin tunawa da ita, bisa sharaɗi cewa wurin zai zama na jama'a har abada. Shi ma bai daɗe ba, a 1908 ya bi ta.

Ɗiyar ta gama, ta ga fuskar mahaifinta ta sake. Ya ce su koma gida. Kwana uku bai nemi sanda ba, ba wanda ya san dalili, gama akwai abin da ya ɓoye wa ƴaƴansa duka.

Matarsa tana da garka a fadamar gulbi, gadon mahaifinta, da mangwaro huɗu da zogale da fangalin albasa. Wata ƴar hanyar ƙafa ta ratsa gefen garkar, ita matan ƙauye ke bi da kaya a ka za su kasuwar Maraɗi, gama ta fi ta zagaye kusa ƙwarai. Tun suna sabon aure matar ta kafa randa a gindin mangwaron da ke bakin hanyar, da moɗa ɗaure da igiya, kowace safiya ta cika ta daga rijiya. Shi kuwa bai taɓa son abin ba. Yakan ce masu wucewa suna tattake fangali, yara suna jifar mangwaro tun bai nuna ba, ita kuma ta ce wanda ya sha ruwa ya tsinki ɗaya bai talauta kowa ba. Shekara arba'in suna wannan gardama, ita ce kullum ke ci. Da ta kwanta ciwo, lokacin mangwaro ne. Ya je garka ya iske an karya reshe, ransa a ɓace da ma, sai ya sa aka saro ƙaya aka toshe hanyar gaba da baya, ya kife randar. Daga kan gadonta takan tambaye shi, "Malam, an cika randa?" Shi kuma ya ce an cika. Haka ya yi ta faɗa mata har ran da ta daina tambaya.

A cikin kwanakin nan uku ne babban ɗansa ya bugo waya daga gida. Wani ɗan kasuwa yana son garkar, zai kewaye ta da katanga, kuɗin da ya saya kuwa masu kauri ne. Ƴaƴan sun ce maganar tana hannun mahaifinsu. Ɗan ya ce, "Baba, ba mai aikinta yanzu, kai kuma ga ƙafarka. Gara a sayar tun tana da daraja." Gaskiya ya faɗa, ga kuɗin makarantar yara, ga rufin ɗaki yana yoyo. Tsoho ya ce a ba shi lokaci.

A ƙarshen Satumba, ganyaye sun fara juyawa rawaya, komawarsa ta matso. Ya ce wa ɗiyarsa yana so ya ga sauran lambunan da ƙafarsa, su biyu kawai. Suka fara daga gabashin lambun Julia Davis da hantsi, suka bi ruwa yamma. Suka wuce gidan namun daji, suka bi ta ƙarƙashin babbar gada, suka kai gadar ƙafa da ke kusa da ɗakin karatu na gari, inda lissafin ɗigo yake farawa. Nan kusa akwai wurin tunawa da Anne Frank, yarinya Bayahudiya da ta mutu a sansanin ƴan Nazi a 1945. Suka huta, suka ci gaba, suka ƙetare kogi zuwa lambun Ann Morrison, fili mai faɗin hekta 62, yara suna ƙwallo a ciki. Ɗiyar ta ce wannan ma miji ne ya yi wa matarsa. Harry Morrison babban magini ne, kamfaninsa yana cikin waɗanda suka gina madatsar Hoover. Matarsa Ann takan bi shi sansanonin aiki duk inda ya tafi. Ta rasu a 1957, a 1959 ya miƙa wa gari lambun da sunanta. Ta ce lambunan bakin kogin da yawa sunayen mata gare su, har mutanen gari suna kwatanta su da duwatsun ado a jikin zare. Wannan kwatanci ɗan koli ya gane shi sarai.

Suka ƙetare titi suka shiga na uku, lambun Kathryn Albertson, wanda aka buɗe a 1989. Wuri ne shiru, da tafkuna da gemu-gemun ciyawar ruwa, an bar shi domin tsuntsaye da namun daji. Wata barewa mai manyan kunnuwa ta ɗaga kai ta dube su, ta ci gaba da kiwonta. Kusan kilomita 3 ke nan ya yi, ɗigo wajen ashirin, a cikin awa biyu. Ya zauna a benci, ƙafar tana zogi amma tana ɗauke da shi. Ya tambaya ita kuma wannan yaushe ta rasu. Ɗiyar ta ce ai da ranta aka yi, ita da mijinta suka bayar tare, ta kuwa yi shekaru tana ganinsa.

"Wannan ya fi mu wayo," in ji tsoho. "Ya yi tun tana gani."

Sa'an nan ya faɗa mata kome, da ƙayar, da randar, da amsar da ya yi ta ba mara lafiya. Bai dube ta ba, tafki yake kallo. Da ya gama, ɗiyar ta daɗe ba ta yi magana ba.

"Baba, Inna ta sani," in ji ta. "Matan da ke bin hanyar sukan biyo gida su gaishe ta, su suka faɗa mata. Ta gaya mini a waya. Na ce zan yi maka magana, ta ce in bar ka, wai ciwonta ne ya ɓata maka rai, in ta tashi da kanta za ta kwashe ƙayar."

"To, don me take tambayata, Uwata?"

"Wataƙila tana jira ne wata rana ka je ka cika, amsar ta zama gaskiya."

Tsoho ya rufe fuska da hannun riga. Masu wucewa suka kau da kai suka wuce, kamar yadda ya kamata. Da ya natsu ya ce shi ba shi da hekta 62, ba shi da ko ɗaya cikakkiya. Ɗiyar ta ce Inna ma ba ta taɓa roƙonsa hekta ba.

A watan Oktoba ya komo Maraɗi. A filin jirgi aka kawo masa keken guragu, ya gode ya ce zai taka. Ya tara ƴaƴansa ya ce garka ba ta sayarwa ba ce muddin yana da rai, in ya mutu kuma su yi yadda suka ga dama da ita, amma hanya da gindin mangwaron nan a bar wa masu wucewa. Ya sa aka rubuta haka a gaban mai unguwa. Babban ɗan bai ji daɗi ba, ya yi watanni gaisuwa kawai ke haɗa su, rufin ɗaki kuma sai da ya ƙara damuna ɗaya yana yoyo. Tsoho bai ce ɗan ya yi laifi ba, gama ya san abin da ya hana su. Ya ba wani maƙwabci garkar yana nomawa ana raba amfani. Shi da wani jikansa suka kwashe ƙayar da ta riga ta bushe, suka ƙone ta. Randar ta tsage inda aka kife ta, ya sayi sabuwa, ya ɗaura moɗa da igiya.

Daga gidansa zuwa garka wajen kilomita 2 ne, a lissafinsa ɗigo goma sha biyu. Hanyar ba kwalta, akwai yashi, akwai gangara wajen shiga fadama, ba benci ko ɗaya. Yakan fita da sassafe da sandarsa, yaro ya ja masa guga, shi ya zuba da hannunsa. Yara suna jifar mangwaro har yanzu, wani lokaci ya daka musu tsawa, wani lokaci ya yi kamar bai gani ba. Ya sa an nome tudun da ke bakin hanyar an daidaita shi, domin akwai wata tsohuwa mai tallan daddawa da gwiwa ke damunta. Ranar da randa ba ta bukatar ƙari ma yakan fita, ya bi gaɓar gulbi ya ɗan zaga ya komo. In maƙwabta suka ce, "Baba, ina zuwa da sassafe haka?" sai ya ɗaga musu sanda ya ce, "Nan gaba kaɗan."